Shirun Yaro Ba Tarbiyya Ba Ne

A gidajenmu, idan za a yabi yaro, da shirunsa ake farawa: "Ai ko yatsa ka sa masa a baki ba zai ciza ba." Wanda kuwa ya kuskura ya ce "Baba, don me?" sunansa fitsararre, mai tsaurin ido. Kafin ya rufe baki an tuna masa cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ni ban yarda wannan tarbiyya ba ce. Ƙyuyar amsa tambaya ce ta manya, aka naɗa mata rawani.

Yaron nan da bai isa ya yi tambaya ba, shi muke ɗora wa farantin talla yana shekara takwas, ya tsallaka titi, ya ƙirga canji, ya yi ciniki da ƙarti a tasha. Shi muke turawa almajiranci garin da bai san kowa ba, ya nemi abin da zai ci. Cikinsa mun yarda ya kula da shi. Kansa ne muka hana shi amfani da shi.

Da ka ja, sai a fake da addini, wai bin na gaba bin Allah. To, a duba malaman da muke taƙama da su. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo almajirin Malam Jibril ɗan Umar ne, kuma bai daina girmama shi ba. Amma da malamin ya tafi a kan cewa mai aikata manyan zunubai ya kafirta, Shehu ya ɗauki alƙalami ya saɓa masa da hujja. Bayan jihadin 1804, ƙaninsa Abdullahi na Gwandu ya saɓa wa shi Shehun a wasu mas'alolin mulki, a rubuce, yayan nasa yana raye. Imamu Shafi'i ma a gaban Imamu Malik ya durƙusa a Madina, daga baya ya bambanta da shi a hukunce-hukunce da dama. Wa ya taɓa ce musu marasa kunya? Durƙusawa a gaida babba daban, haɗiye duk abin da ya faɗa daban.

Makarantar boko ba ta gyara ba. Malami ya rubuta a allo, a kwafa, a haddace, a amayar ranar jarrabawa. (Ba haddar Alƙur'ani nake nufi ba, wannan muhallinta ke nan.) Ɗalibin da ya ɗaga hannu ya ce lissafin bai fita ba, sau da yawa bulala ce ladansa.

Kuma mun sha biyan kuɗin wannan shiru. A Disambar 1980 rikicin Maitatsine ya ci rayuka fiye da 4,000 a Kano, mabiyansa kuwa galibi matasa ne da ba su san komai ba sai "Malam ya ce". A Agustan 2014, bayan cutar Ebola ta shiga Legas, saƙon waya ya zaga cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha don kariya. Manya, har da masu digiri, suka tashi 'ya'yansu da asuba. Wasu suka ƙare a asibiti, wasu suka rasu. A 2016 harkar zuba kuɗi ta MMM ta yi alƙawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, jama'a suka zuba jari, ba su ce "daga ina ribar ke fitowa?" ba, har aka rufe asusunsu a watan Disamba. Duk yaran kirki ne jiya, masu shiru.

Iyaye kan ce suna tsoron kada yaro ya raina su. Uban da ya ce "ban sani ba, zo mu tambayi malam" bai zubar da girmansa ba. Uwar da ta bar 'yarta ta zaɓi atamfar sallah, ta kuma nemi jin dalilinta, ba ta sangarta ta ba. Kuma yau waya na hannun yaron. Idan a gida an saba masa da cewa mai ɗaga murya shi ke da gaskiya, a TikTok akwai dubban da suka fi mahaifinsa murya.