Isnadin magani: Yadda ya kamata mu karɓi binciken likitoci

Yabo da godiya su tabbata ga Allah, wanda Ya saukar da cuta kuma Ya saukar da magani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wata Juma'a bayan an sallame, wani dattijo daga cikin maƙwabtan masallacinmu a nan Kebbe ya tsayar da mu a bakin ƙofa. 'Yarsa tana aure a ƙasar Jega, an kuma ce ta kai jaririnta a yi masa wata sabuwar allura ta zazzaɓin cizon sauro, sai ta aiko tana neman shawarar mahaifinta. Ya ce, "Malam, tun muna yara muke fama da masassara, ba mu taɓa jin an yi mata allurar rigakafi ba. Yau daga ina ta fito? Kuma ta halatta?" Mun ba shi amsa gwargwadon abin da tsayuwar bakin ƙofa za ta ɗauka, amma tambayar ta fi ƙarfin nan, domin muna zaton tana cikin zukatan iyaye da yawa daga Tambuwal har Kuchi.

Mu limamai muna da wani lissafi da ba ya shiga littafin asibiti. Mu ake kira sallar gawa. Duk wanda ya daɗe yana tsayawa gaban sahu ya san cewa daga tsakiyar damina zuwa kaka ƙananan likkafani sun fi yawa, waɗanda mutum ɗaya ke rungumowa a hannu ba sai an nemi makara ba. Alƙaluman hukuma ma sun gaskata abin da ido ya gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke, kuma binciken ƙasa na shekarar 2021 ya sami ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran jihar Kebbi, adadin da ya fi na kowace jiha. Tsakaninmu da Kebbi kuwa iyakar takarda ce kawai. Fadamarmu ɗaya, sauronmu ɗaya.

Asalin mas'alar a Shari'a ba shi da duhu. Imamu Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) hadisin da ke tabbatar da cewa kowace cuta da Allah Ya saukar tana da maganinta, a ruwayar Imamu Ahmad daga Ibnu Mas'ud (RA) kuma akwai ƙarin bayani cewa wasu suna sanin maganin, wasu kuma yana ɓoyuwa gare su. Wannan ƙarin shi ne amsar tambayar dattijon ta farko. Abin da kakanninmu ba su sani ba yana iya bayyana ga jikokinsu, kuma mai bincike ba ya halitta komai, yana tono abin da Mahalicci Ya riga Ya ajiye ne. Saboda haka sabuntar magani ba ta zama hujjar ƙin sa.

Sai dai sabunta ba ta zama hujjar karɓa kuma, a nan ne muke son mu daɗe. A yau kalmar "bincike ya nuna" ta zama kamar "an ce Annabi ya ce" a bakin mai wa'azin da bai karanta ilimin hadisi ba. Mai tallar magani da lasifika a kasuwa yana faɗin ta, mai tura saƙon murya a WhatsApp yana faɗin ta, wanda ke kiran a yi allura da wanda ke kiran a guje ta duk da ita suke kafa hujja. Mu kuwa al'umma ce da aka yi wa tarbiyya da tambayar isnadi. Malamanmu ba su karɓi magana don daɗinta ba, sai sun tambayi wa ya faɗa, daga wa ya ji, yaya riƙonsa yake, ko an taɓa kama shi da ƙarya, ko wani amintacce ya saɓa masa. Da haka suka rarrabe ingantacce da mai rauni da ƙagagge. Abin kunya ne a ce magadan wannan ilimi su ne suka fi kowa saurin gaskata muryar da ba su san mai ita ba, a kan abin da ya shafi ran 'ya'yansu.

Binciken likitanci shi ma yana da nasa isnadin, kuma Musulmi suna da hannu a kafa shi. Abubakar Arrazi, likitan da ya shugabanci asibitin Bagadaza ya kuma rasu wajen shekara ta 925 Miladiyya, ya ba da labari a littafinsa Alhawi cewa ya raba masu alamun wata cutar kai, wadda masana da yawa ke fassarawa da sanƙarau, gida biyu: ya tsaga wa wasu jijiya ya fitar da jini, ya bar wasu da gangan don ya kwatanta. Likitocin yau ba sa maganin sanƙarau da tsaga, an wuce wannan. Abin da ya wanzu shi ne hanyar, wato kada ka ce maganinka ya yi aiki sai ka ga yadda wanda bai sha ba ya ƙare. Wanda ya sha jiƙo ya warke bai isa hujja ba, domin masassara da yawa kan tafi da kansu.

To, mu ɗora allurar da aka kira jikan dattijon a kan wannan ma'auni. Sunanta R21. Masana a Jami'ar Oxford ta Ingila suka haɗa ta, wani babban kamfanin rigakafi a Indiya ke sarrafa ta. An fara gwada ta sosai a Nanoro ta ƙasar Burkina Faso a kan yara 450, ƙarƙashin jagorancin wani masani ɗan ƙasar, Farfesa Halidou Tinto. Daga nan aka faɗaɗa gwajin zuwa yara 4,800 a Burkina Faso da Mali da Kenya da Tanzaniya. An raba yaran ta hanyar ƙuri'a, wasu aka yi musu R21, sauran aka yi musu rigakafin ciwon haukan kare don kada a bar su hannu rabbana, kuma iyaye da likitocin da ke duba yaran ba su san wa ya sami wacce ba, don kada son rai ya shiga shaida. Sakamakon ya fito a mujallar Lancet a farkon 2024: a wuraren da zazzaɓi ke zuwa da damina, irin namu, allurar ta rage kamuwa da kashi 75 cikin 100 a shekarar farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a watan Oktoba na 2023, hukumar NAFDAC ma ta ba da izini, sannan a farkon Disamban 2024 aka fara yi wa yara a jihohin Kebbi da Bayelsa, da niyyar kaiwa sauran jihohi daki-daki. Wannan isnadi ne mai suna, kowane mutum a cikinsa ana iya zuwa a tuhume shi. A sa shi gefe guda da saƙon muryar da aka turo ba suna ba gari, a ga wanne ya fi cancantar a gina hukunci a kansa.

Amana ta wajabta mu faɗi iyakarta. Kashi 75 ba ɗari ba ne, yaron da aka yi wa yana iya kamuwa, kuma idan ya kamu ba a yaudari kowa ba, abin da aka faɗa tun farko ke nan. Allura huɗu ce: a wata biyar da haihuwa, da shida, da bakwai, sai ta ƙarfafawa a wata goma sha biyar. Wanda ya kai ɗansa sau ɗaya ya zauna kamar manomin da ya yi shuka ne ya ƙi noman farko. Kuma ba ta ɗauke wa kowa gidan sauro ba, ba ta soke maganin nan da ake bi gida-gida ana ba yara wata-wata da damina ba. Hasali ma wani gwaji da aka yi a Mali da Burkina Faso da allurar da ta riga ta, mai suna RTS,S, wanda aka buga a 2021, ya nuna cewa haɗa allura da maganin damina ya rage kamuwa da kimanin kashi 60 cikin 100 idan aka kwatanta da riƙe ɗaya kaɗai.

Mun san inda tsoron mutanenmu ya samo tushe, kuma ba za mu raina shi ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe dubban mutane a Arewa, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani gwaji da ya ƙunshi yara 200. Goma sha ɗaya sun rasu, wasu sun nakasa. Iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musanta laifi ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma a tuna abin da gudun ya jawo: da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, cutar ta sake bazuwa har ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, kuma yaran da suka shanye a waɗannan shekaru suna nan suna jan jiki a tashoshinmu. Sai da sarakuna ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi suka sa baki, tare da malamai, kafin a kai ga ranar 25 ga Agustan 2020 da aka shelanta Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Darasin da muka ɗauka daga Kano shi ne sharaɗi: kada a gwada komai a jikin ɗan kowa sai an yi wa waliyyinsa bayani da harshen da yake ji, ya yarda ba tilas, kuma akwai hukumar da za a kai wa ƙara. Samuwar maƙaryata a cikin maruwaita ba ta sa malamai sun watsar da hadisi ba, tsananta bincike ta sa su yi.

Akwai wani binciken da muke ganin ya fi shafar mu maza kai tsaye, kuma 'yarmu ce ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano. Zubar jini bayan haihuwa yana kashe dubban mata a duniya duk shekara, kuma an gano cewa ido yana yaudarar ma'aikata, jini yana tafiya cikin zannuwa ana cewa bai kai ba, har lokaci ya ƙure. Sai aka gwada wata leda mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mai haihuwa, jinin ya taru a gani da lamba. Da ya kai iyaka, ba a jira a gwada magani ɗaya a ga ko zai yi ba, a take ake haɗa murza mahaifa da allurar da ke tsuke ta da maganin tsayar da jini da ƙarin ruwa. An yi gwajin a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000, aka buga sakamakon a 2023: mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta sun ragu da kashi 60 cikin 100. Leda ce fa, da magungunan da an daɗe da sanin su.

Sai dai ledar ba ta bin mace ɗaki. A yankinmu mafi yawan mata a gida suke haihuwa, kuma kowa ya san labarin wadda naƙuda ta tsananta gare ta ko jini ya ɓalle mata, aka zauna ana jiran maigida ya dawo daga kasuwa ko daga ci-rani ya ba da izini. Ba mu san wani malami abin dogaro da ya ce haƙƙin miji na izini ya rinjayi ran matarsa ba. Kiyaye rai yana cikin manyan manufofi biyar na Shari'a, kuma larura tana da hukuncinta. Don a rufe ƙofar gardama, muna kiran kowane magidanci da matarsa ke da ciki ya furta izininsa tun yanzu, a gaban mahaifiyarsa da ungozoma, ya ware kuɗin mota, ya san wanda za a buga wa waya da dare. Ba mu manta da lalacewar hanyoyi da fargabar tafiyar dare saboda rashin tsaro ba. Wannan ma dalili ne na matsowa kusa da asibiti idan wata ya kama.

Hukuma kuma kada ta ji mun sauke mata nauyi. Ba daidai ba ne a sa mu hau mumbari mu kira mutane asibiti, su je su tarar babu ungozoma, babu wutar da za ta riƙe sanyin allura. Binciken da ya tsaya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo bai iso ƙananan asibitocin Kebbe ba, bai amfani matar ƙauye da komai ba. Mu ma da namu laifin. Imamu Gazali ya lissafa likitanci cikin farillan kifaya, ya kuma yi kukan yadda ɗalibai ke tururuwa zuwa fiƙihu ana barin garuruwa babu likita Musulmi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin daula, ya zauna ya yi rubutu a kan ciwon ido da basur. Mu da muke alfahari da gadonsa, 'yan mata nawa muka bari suka karanci aikin ungozoma, alhali mu ne muka fi kowa ƙyamar namiji ya karɓi haihuwar matanmu?

Abin da muka gaya wa dattijon shi ne ya aika wa 'yarsa ta kai yaron, ta tambayi ma'aikaciyar duk abin da ya shige mata duhu, ta adana katin, ta kuma riƙe ranar komawa yadda take riƙe ranar suna. Ya ce to idan yaron ya yi zazzaɓi bayan allurar fa? Muka ce ɗan zafin jiki na kwana ɗaya ko biyu sananne ne, an faɗe shi a cikin binciken, amma idan ya wuce haka ko yaron ya fara jijjiga, a koma asibiti a ranar, kada a kwana. Ya jinjina kai, ya ce zai kira ta bayan La'asar.

Allah ne Mafi sani.