Jami'ar Damagaram ta zo Kance ta koyi rainon itace

Jama'a, yanzu jami'o'in duniya gasa suke yi wajen rage hayaƙin da ke ɗumama yanayi. Tamu ta Damagaram, wadda aka kafa a 2010 kuma ake kira André Salifou a yau, ba sai ta je Faransa neman dabara ba. Dabarar tana nan cikin gonakin Kance.

Ku dubi gawon da ya cika ƙasar Matamaye, Magarya da Mirya. Ba da bikin dashe aka same shi ba. Manomi ne ke barin tohon da ya fito da kansa, ya sassabe shi, ya tsare shi daga awaki da gatari. Sassaben zamani ke nan. Masana sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya Nijar ta farfaɗo da hekta wajen miliyan 5, da itatuwa kusan miliyan 200. Gawo kuwa ya san aikinsa: da damina ya zubar da ganye hatsi ya sha rana, da rani ya ba da inuwa, dabbobi su ci 'ya'yansa. Duk tsawon rayuwarsa yana zuƙe iskar kabon.

To mu fa? Kowace 3 ga Agusta sai a yi dashe, a ɗauki hoto, a watse. Wa ke komawa a watan Afrilu ya ƙirga waɗanda suka rayu?

Shawarata ga jami'a uku ce. Na ɗaya, kowane ɗalibi a ba shi itace guda ya raina har ya gama karatu, a riƙa bayyana adadin masu rai kowace shekara. Na biyu, a gayyato manoman Kance su koyar a fili, a biya su haƙƙinsu kamar kowane malami. Na uku, a shimfiɗa sola bisa rufin azuzuwa. Ba mu manta da Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke mana kuran.

Wani zai ce ai hayaƙinmu bai taka kara ya karya ba, manyan ƙasashe ne suka ɓata duniya. Gaskiya ne. Amma zafin ba ya tambayar mai laifi, kuma 'ya'yanmu ne ke karatu a cikinsa. Inuwa da wuta dai mu za su amfana tun kafin kowa.

Ɗaliban Kance da ke can, ku fara kai maganar gaban shugabanninku. Allah ya sa a ji.