Gida babu hanya, hanya babu gida: wa ake yi wa aiki a Tanda?

A ranar 29 ga Janairun 2016 an taru da kiɗa da guɗa, aka ƙaddamar da hanyar jirgin ƙasa da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso. An ce za ta zarce Gaya, ta haɗu da ta Kotonu a Faraku. Ƙarfen ya tsaya a Doso. Mutumin Tanda, da aka yi alkawarin a gabansa, ko ƙarar jirgin bai ji ba.

Wannan ita ce ɗabi'ar masu tsara ƙasa: ana zana hanya domin kayan da ke fitowa daga tashar ruwa, ba domin mutanen da ke zaune a bakinta ba. Ofishin hanyoyi na nasa lissafi, ofishin rabon filaye na nasa, kowa na cin gashin kansa. Talaka ne ke biyan kuɗin wannan rashin jituwa.

A duba halin magidancin Tanda da abincinsa ke Gaya, ko ɗan dako ne, ko mai sayar da shinkafa. Haya a Gaya ta fi ƙarfinsa. In ya gina kusa da kogin Kwara, inda gonarsa take, ambaliya irin ta 2012 da 2020 na jiran ginin laka. In ya hau tudu nesa da hanya, abin da ya rage a kuɗin fili kabu-kabu zai cinye shi, safe da yamma, shekara da shekaru. An yi gudun gara, an faɗa gidan zago. Ranar da matarsa ta kama naƙuda da dare cikin damina, nan ne zai san ainihin farashin filin da aka ce masa mai araha ne.

Shekarar 2023 ta tona asirin tsarin. Da aka rufe gadar Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, manyan motoci suka tsaya, jama'a suka koma kwale-kwale. Sai ta bayyana cewa yankin da aka mayar da shi mashigar kaya kawai ba a tanadar masa komai don kansa ba.

Masu mulki za su ce babu kuɗi. Amma hana rabon fili a kwarin da ruwa ke ci ba ya bukatar bashin waje. Keɓe filaye masu sauƙin kuɗi a kan tudu, dab da hanyar da ta haɗa Gaya da Margu, sa hannu ne kawai. Haka nan zama da ƙungiyar direbobi a tsayar da motocin haya masu lokaci da farashi sananne tsakanin Tanda da Gaya. Abin da ya ɓace shi ne niyya, domin fili mai kyau a bakin hanya ya saba faɗawa hannun mai uwa a gindin murhu.

Wajibi ne hukumomin Tanda da na Gaya su zauna a tabarma guda, kada a sake raba fili ko ɗaya sai an nuna hanyar da za ta kai mai shi kasuwa, makaranta da asibiti. Ba a fafe gora ranar tafiya, damina kuwa ba ta jiran kwamiti.