Baƙin Tabarau Kaɗai Ba Kariya Ba Ne



Ranar wasannin makaranta da ta wuce na ga ɗalibai da yawa sanye da baƙin tabarau, irin wanda ake talla a bakin titin Zariya da titin Gidan Zoo. Na tambayi wata ƙawata dalili, ta ce rana ce ta dame ta. Gaskiyarta, ranar Kano a Maris da Afrilu ba ta wasa. Amma ina ganin da yawanmu mun sayi kwalliya ne muna zaton magani muka saya.

Malamin kimiyyarmu ya taɓa yi mana bayani. A cikin hasken rana akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, ana ce masa UV. Shi ne yake yi wa ido lahani a hankali, shekara da shekaru. Yana cikin abubuwan da ke jawo yanar ido da kuma tsokar nan da ke tsirowa a farin ido ta nufi baƙin. Allah Ya yi wa ido dabara: idan haske ya yi yawa, ƙofar da ke tsakiyar ƙwayar ido sai ta tsuke. Idan ka sa baƙin gilashin da ba ya tare UV, ido zai ɗauka inuwa ya samu, ƙofar ta buɗe, hasken mai cutarwa ya ƙara shiga. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Don haka duhun gilashi ba shi ne ma'auni ba. A duba rubutun UV400, kuma a saya a wurin masu aikin ido, domin liƙa takarda a jikin na jabu ba wuya. Wanda ba shi da kuɗin nagari, malfa ta fi masa. Kakanninmu manoma da makiyaya ba don ado suke sa ta ba.

Wani zai ce, ai mu yara ne, idonmu garau. Wannan lahani tarawa yake yi, sai an girma ake biyan bashinsa. Wanda ya taɓa raka kakarsa sashen ido a Asibitin Malam Aminu Kano, nan kusa da mu, ya san yawan dattawan da ke layi.

Roƙona ga hukumar makaranta biyu ne. A bar mu mu sa malfa ko hula mai baki lokacin wasanni da shara, musamman daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. Sannan idan taro zai yi tsawo, a mayar da shi inuwar darbejiya. 'Yan uwanmu zabiya sun fi kowa shan wahala, a fara da su.

Ku kuma ƙannenmu da ke gasar wa zai fi daɗewa yana kallon rana, ku daina. Wannan kan ƙona bayan ido ba tare da an ji zafi ba, kuma ko tabarau mai UV400 bai isa a kalli rana da shi ba.

Daga wata ɗalibar SS2, Ƙungiyar 'Yan Jarida