Ku Bar Mu Da Kewarmu

Wani ɗan ajinmu ya ce wai kewar rap ɗin Nijar aikin banza ne, kwaikwayon Amurka ne kawai da wando burgujeje. To malam, tsaya.

A fadar yayyena a Difa ban kai shan shayi ba, ni ke hura gawayi. Amma kunnena na nan. Kaidan Gaskiya, Lakal Kaney, Wass-Wong: kaset ɗaya sai ya zagaye unguwa har zarensa ya tsinke, kafin a koma Bluetooth da katin memori. Babarbare da Bafillace da Bahaushe su haddace baitin Zabarmanci, su kwana gardamar ma'anarsa. Ni da ke karatun ilimin harsuna yau, a can na fara jin Hausa da Faransanci suna cin tuwo a kwano ɗaya cikin jimla guda. Wannan ne kwaikwayon?

Kuma kar a yi mana ƙarya wai girma ne ya kashe abin. A Fabrairun 2015 aka kai hari Bosso da Difa, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa moto, aka hana fitar dare. Fada kuwa ta dare ce. Ɗan kabu-kabun da ke saya mana batir ya rasa sana'a, masu noman tattasai a bakin Komadugu suka watse. Wasu Damagaram, wasu har yau shiru.

Kai da ka tashi a Yamai, ba a taɓa ƙwace maka dare na shekaru ba, sai ka ce wando muke kewa?