Wa Zai Gaji Malam Muhammadu Al-Katsinawi?

Duk lokacin da aka tambayi 'yan ajin ƙarshe abin da za su cike a fom ɗin JAMB, amsar ba ta wuce likita, lauya ko aikin jinya. In wani ya yi ƙarfin hali ya ce lissafi, sai a kwashe da dariya, a ce, "Ka gama ka dawo ka sha alli." Mu a kulob ɗin 'yan jarida muna ganin wannan dariyar tana cutar da Batsari da Safana fiye da yadda ake zato.

Kowa ya san rashin kiredit a lissafi ne ke tare wa yayyenmu da yawa ƙofar jami'a. Kowa kuma ya san malamin da aka turo daga nesa ba ya son zama a garuruwan da ke bakin Dajin Rugu, kuma ba mu ga laifinsa ba. To in ɗan gida ya guje wa fannin, wa zai koyar da ƙannenmu? Su kuma malaman, wa zai koyar da su, in babu namu masu digiri na biyu da digirin digirgir?

Abin ba baƙo ba ne a ƙasar Katsina. A 1732 Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Al-Fulani Al-Katsinawi ya rubuta littafi da Larabci, inda ya bayyana hanyoyin jera lambobi a gidajen hatimi ta yadda kowane layi, a tsaye, a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. A Alƙahira ya rasu a 1741, kuma har gobe masana tarihin lissafi na ambaton sunansa. A zamaninmu akwai Farfesa Iya Abubakar, wanda ya yi digirin digirgir a Kambirij ta Ingila, ya kuma shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978.

A babban mataki lissafi kashi biyu ne. Akwai zallarsa, inda ake bin lambobi don gano ƙa'idojinsu da kafa hujja. Ana yi masa kallon aikin banza, alhali binciken lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu, irin su 7, 11 da 13, yana cikin abin da ke tsare sirrin kuɗin da iyayenmu ke turawa ta waya. Akwai kuma na aikace, wanda ake hasashen yaɗuwar kwalara ko ƙyanda da shi, ko yawan ruwan da dam zai riƙe zuwa rani.

Hanyar ba ta da nisa. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, maƙwabciyar Safana ce. Bayan digirin farko, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ga Bayero, ga Zariya. Cibiyar AIMS, mai rassa a Gana, Senegal, Kamaru, Ruwanda da Afirka ta Kudu, kyauta take ba da digiri na biyu ga wanda ta zaɓa, har da ci da kwana. Ba mu ce a nan ake tara dukiya ba. Shekarun na da yawa, albashin malami kuwa kun san shi. Amma bankuna da kamfanonin sadarwa ma na neman masu wannan ilimi.

Roƙonmu ga malamanmu, Allah ya ƙara musu haƙuri, shi ne a ware mana awa ɗaya a mako ga masu son lissafin da ya wuce na jarrabawa, mata da maza. Kafin nan, ga gwaji: zana gida 9, ka jera 1 zuwa 9 yadda kowane layi zai ba da 15. Wanda ya iya, ya gwada gida 25 da jimlar 65, ya kawo wa kulob, mu liƙa sunansa a wannan allo mako mai zuwa.