Sharhi: Auna Kalsiyam a Ƙofar Zuciya



A ɓangaren hagu na zuciya akwai wata ƙofa mai ƙyaure biyu da likitoci ke kira mitral. Ita ke barin jini ya gangara daga ɗakin sama zuwa na ƙasa, ta kuma hana shi komawa. Ƙyauren a kafe suke jikin wani zobe mai laushi. Idan shekaru suka ja, musamman ga mata da masu hawan jini, ciwon suga ko ciwon ƙoda, sinadarin kalsiyam kan taru a zoben har ya ƙandare.

A da ana ɗaukar abin a matsayin tsufa kawai. Sai a 1992 binciken garin Framingham na Amurka ya nuna haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya kai kusan ninki biyu ga masu wannan matsala.

Da na'urar eko, mai ɗaukar hoton zuciya da sauti, ake fara hango kalsiyam ɗin, fari fat. Sai dai kalsiyam na tare sautin na'urar, abin da ke bayansa ya zama duhu. Hoton CT ne ke fito da shi ɓaro-ɓaro.

A 2020 Dokta Mayra Guerrero ta asibitin Mayo da abokan aikinta suka fitar da ma'auni mai maki 10 na auna kalsiyam ɗin a hoton CT. Ana duba kaurin kalsiyam ɗin, ko bai kai milimita 5 ba ko ya kai 10. Da yadda ya zagaye zoben. Da ko ya kama kusurwoyinsa biyu. Da ko ya haura kan ƙyauren. Maki 3 zuwa ƙasa kaɗan ne, 4 zuwa 6 matsakaici, 7 zuwa sama ya tsananta.

Maki mai yawa tashin hankali ne ga likitan tiyata, domin ɗinki ba ya kama zoben da ya ƙandare. Ga likitan da zai zura sabuwar ƙofa ta jijiya kuwa, taurin ne ke riƙe ta; idan maki bai kai 7 ba, ta fi saurin gocewa.

A ƙasar Hausa, abin da ya fi lalata wannan ƙofa ga matasa shi ne ciwon zuciyar da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro. Shi yana manne bakin ƙyauren ne, ana iya buɗe su da balan-balan. Kalsiyam daga gindi yake farawa, balan-balan ba ya yi masa. Don haka sai hoto ya bambance su kafin a zaɓi magani.